SADHU SUNDAR SINGH, MAI BISHARA DA YA HAU DUWATSUN TIBET

Duk wanda ya taɓa fitowa daga Samaru da sassafe cikin watan Janairu, hunturu yana busawa, ya hangi dutsen Kufena cikin hazo, zai ce ya san sanyi, ya kuma san dutse. To, a wannan wata za mu kai masu karatu wata ƙasa inda hunturunmu zai zama kamar bazara, Kufena kuwa ya zama kamar suri. Sunan ƙasar Tibet, tana arewa da Indiya, a bayan duwatsun Himalaya, waɗanda babu kamarsu wajen tsawo a duniya duka. Can yammacin ƙasan nan akwai wani tafki da a ke kira Manasarowar, wanda mutanen addini huɗu su ke riƙe da shi mai tsarki ne, har tun zamanin dā su kan yi tafiyar watanni a ƙasa domin su sha ruwansa.

Ba domin tafkin kaɗai muka ɗauko labarin ba. Mun ɗauko shi ne saboda wani ɗan'uwanmu cikin Ubangiji, mutumin Indiya, mai suna Sundar Singh, wanda ya bi hanyoyin duwatsun nan ba takalmi, ba guzuri, sai bargo da Sabon Alkawari. Ba Bature ba ne, ba shi da albashi, ba wata mishan da ta aike shi. Yaro ne wanda aka kora daga gidan ubansa saboda sunan Yesu, kamar yadda ya faru ga waɗansu a cikinmu.

Ƙuruciyarsa

An haifi Sundar Singh ran 3 ga Satumba, 1889, a wani ƙauye mai suna Rampur, cikin ƙasar Panjab, a arewacin Indiya. Ubansa, Sher Singh, mai arziki ne, yana da gonaki da barori. Gidansu mabiya addinin Sikh ne, waɗanda mazansu ba su yin aski muddin ransu, sai su naɗe gashin cikin rawani. A wurinsu gashin nan alama ce ta addini da ta dangi gaba ɗaya.

Uwarsa mace ce mai ibada ƙwarai. Ta kan tashe shi da asuba ya yi addu'a kafin ya karya kumallo, ta kuma koya masa littattafan addinin Hindu, har ya haddace wanda a ke kira Gita tun yana ƙarami. Ta kan riƙe hannunsa su shiga kurmi wurin wani sadhu domin neman albarka. Sadhu, watau mutumin da ya bar gida da dukiya da aure, ya sa riga mai launin ruwan goro, yana yawo gari gari yana neman Allah, duk inda dare ya yi masa nan ne masaukinsa. Mutanen Indiya suna girmama irin waɗannan ƙwarai da gaske. Burin uwan nan shi ne ɗanta ya zama ɗaya daga cikinsu.

Aka sa shi makarantar mishan ta Amurkawa a ƙauyensu, amma darasin Littafi Mai Tsarki ya tsaya masa a rai. Yana da shekara 14 uwarsa ta rasu. Baƙin ciki ya juye ya zama fushi, fushin kuwa ya sauka a kan Kirista. Ya kan tara yara su jefi masu wa'azi. Cikin watan Disamba, 1904, ya kama wani littafin bishara ya yayyage, ya ƙone shi a gaban mutane. Ubansa, ko da ya ke ba Kirista ba ne, ya tsawata masa, gama bai ga dalilin wulakanta littafin addinin wani ba.

Daren da ya juyo

Ƙona littafin bai kawo masa kwanciyar rai ba. Cikin kwana uku ransa ya ƙara ɓaci, har ya ƙudura cewa in Allah bai bayyana masa kansa ba a wannan dare, zai je ya sa wuyansa a kan dogo, inda jirgin Ludiyana ya kan wuce da ƙarfe 5 na asuba. Mu da muka girma muna jin kukan jirgin asuba daga tashar Sabon Gari, sai mu tuna yaro ne ɗan shekara 15 ya ke jiran wannan kuka domin ya ƙare ransa.

Ya tashi da ƙarfe 3, ya yi wanka da ruwan sanyi bisa ga al'adarsu, ya yi ta roƙo. Wajen ƙarfe 4 da rabi, bisa ga shaidar da ya yi ta bayarwa har ƙarshen ransa, sai haske ya cika ɗakin. Yana tsammani zai ga ɗaya daga cikin allolin ƙasarsu, sai ga shi Yesu ne, wanda ya ke ƙi, ya yi masa magana da harshen ƙasarsu, ya tambaye shi dalilin da ya ke tsananta masa, ya kuma tuna masa ya mutu dominsa. Masu karatu za su tuna da Shawulu a kan hanyar Dimashƙu. Yaron ya faɗi ƙasa, salamar da ya daɗe yana nema ta cika zuciyarsa. Jirgi ya wuce, shi kuwa ya je ya tashi ubansa ya gaya masa ya zama mai bin Yesu.

Da fari aka ɗauka zafin ƙuruciya ne. Da aka ga da gaske ya ke, sai aka shiga lallashi. Wani kawunsa ya nuna masa taskar kuɗi da duwatsu masu tamani, har ya tuɓe rawaninsa ya ajiye a ƙafafun yaron, yana roƙonsa kada ya kunyata dangi. Sundar ya yi kuka, amma bai juya ba. Daga baya ya yanke gashin kansa, wannan kuwa ya yanke zumunci. Aka fitar da shi daga gida, aka kuma sa guba cikin abincin ƙarshe da aka ba shi. Da ƙyar ya kai garin Rupar, gidan wani fasto ɗan ƙasa mai suna Uppal, jini yana fita ta baki da hanci. Mai maganin da aka kira ya fid da rai gare shi. Amma fasto da matarsa suka yi jinyarsa, Allah kuwa ya tashe shi.

Ran 3 ga Satumba, 1905, ranar da ya cika shekara 16, aka yi masa baftisma a majami'ar St. Thomas ta garin Simla, ta hannun Rev. Redman na C.M.S. A wannan shekara ce kuma Likita Mila na C.M.S. ya samu ya zauna cikin birnin Zariya.

Ruwan rai cikin moɗar gida

A zamanin nan, wanda ya zama Kirista a Indiya ya kan sa tufafin Turawa, ya ɗauki al'adunsu, har danginsa su ga kamar ya bar ƙasarsa ne ya koma ta baƙi. Sundar bai bi wannan hanya ba. Kwana 33 bayan baftismarsa ya rabar da ɗan abin da ya ke da shi, ya sa riga mai ruwan goro, ya kama hanya. Ya cika burin uwarsa, amma cikin sunan Yesu Kristi.

Ya kan ba da wani labari da ya ke bayyana dalilinsa. Wata rana a tashar jirgi ya ga wani Birahman, watau mutum daga zuriyar malaman Hindu, zafi ya buge shi ya suma. Aka kawo masa ruwa cikin kofin tangaran na Turawa, ya kau da kai, ko da ya ke ƙishi yana shirin kashe shi. Sai wani ya ɗauko moɗar tagulla ta mutumin, ya zuba ruwan nan ɗaya a ciki, ya karɓa ya sha ya farfaɗo. Sundar ya gane mutanensa suna ƙishin ruwan rai, amma ba za su sha ba sai an miƙa musu cikin moɗarsu.

Rigan nan ta buɗe masa ƙofofi, ta kuma jawo masa duka. Mutane su kan marabce shi da abinci, amma da ya ambaci Yesu sai a kore shi, ya kwana cikin kogo ko kangon gida. Haka ya zaga Panjab da Kashmir har iyakar Afganistan. Ya yi aiki tare da wani Ba'amurke mai suna Samuel Stokes, suna jinyar kutare a Sabathu da masu annoba a Lahor. A 1909 ya shiga makarantar koyon aikin fasto ta St. John a Lahor, Bishof Lefroy kuma ya ba shi takardar izinin wa'azi. Amma da ya gane takardar za ta tsare shi cikin iyakar ekklesiya ɗaya, ta hana shi zuwa inda ba a taɓa jin bishara ba, sai ya mayar da ita da ladabi. Suka rabu da bishof ba tare da ɓacin rai ba.

Ƙofar Tibet

A lokacin nan Tibet rufaffiyar ƙasa ce. Malamanta na addinin Buda, waɗanda a ke kira lama, su ke riƙe da mulki, babbansu kuwa Dalai Lama yana birnin Lasa, ba su kuma yarda baƙo ya shiga ba. 'Yan mishan na Morabiya sun zauna a bakin iyaka tun 1856, suna koyon harshen, suna juya Littafi Mai Tsarki, suna jira.

A 1908, bai cika shekara 19 ba, Sundar ya bi kwarin kogin Satlaj ya hau har wani ƙauye mai suna Pu, inda 'yan Morabiya suka karɓe shi, suka koya masa ɗan harshen, suka haɗa shi da tafinta. Daga nan ya ƙetare iyaka. Inda za a tare Bature, sadhu ya kan wuce, gama an saba ganin irinsu suna tafiya ziyara. Ya sami mutane masu kiwon tumaki da wani irin sa mai dogon gashi da a ke kira yak, abincinsu garin soyayyen sha'ir ne da shayi mai gishiri da man shanu. Waɗansu lama suka kore shi, wani kuwa ya karɓe shi har ya tara masa mutane su ji. Tun daga wannan shekara zuciyarsa ta maƙale a Tibet. In zafi ya narkar da ƙanƙarar da ta toshe hanya sai ya nufi duwatsu, in sanyi ya komo sai ya gangaro Indiya. Duwatsu da ƙanƙara suka yayyanka tafin ƙafarsa, har masu bi suka laƙaba masa suna manzo mai ƙafafu masu jini.

Tafkin Manasarowar

Yanzu sai mu tsaya mu dubi wurin da kansa. Zariya tana bisa teku da wajen ƙafa 2,200, Jos kuwa wajen ƙafa 4,000. Tafkin Manasarowar yana bisa teku da ƙafa 15,000, watau kusan ninki bakwai na Zariya. A can iska ba ta da kauri, abin da mutum ya ke shaƙa bai kai kashi 3 cikin 5 na abin da zai samu a bakin teku ba. Saboda haka baƙo ya kan yi haki ko da taku goma ya yi, kansa ya yi ciwo, barci ya ƙi zuwa. Ruwa ya kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba, abinci kuwa ya daɗe bai nuna ba. Babu itatuwa, sai kashin yak a ke hura wuta da shi. Hasken rana bisa dusar ƙanƙara ya kan makantar da mutum na 'yan kwanaki.

Kewayen tafkin wajen mil 55 ne, ya ɗan fi nisan Zariya zuwa Kaduna. Ruwansa garau ne, mai daɗin sha, shuɗi kamar an rina shi da baba, da damuna ta ƙasar tsuntsayen ruwa su kan cika bakinsa, da sanyi kuwa ya daskare gaba ɗaya. Dab da shi wajen yamma akwai wani tafki mai suna Rakshas Tal, ruwansa zartsi ne, mutane suna ƙyamarsa suna danganta shi da aljannu. Arewa da su kuma ga dutsen Kailas tsaye shi kaɗai, ƙafa 21,778, kansa fari fat dukan shekara. Ba wanda ya taɓa hawa ƙwanƙolinsa, gama an hana saboda girman da a ke ba shi. Manyan koguna huɗu suna tasowa daga kewayen nan: Indus, da Satlaj, da Brahmaputra, da Karnali. Satlaj ɗin nan shi ne ya ke gangarawa ya wuce Rupar, ya shayar da gonakin ƙasar su Sundar. Ashe tun yana yaro ruwan wannan yanki ya ke sha.

Mutanen Tibet suna kiran tafkin Mapam Yumtso, dutsen kuwa Gang Rinpoce. A dā akwai gidajen ibada 8 kewaye da ruwan. 'Yan Hindu sun ce allahnsu Brahma ne ya fara sifanta tafkin cikin tunaninsa, wanda ya yi wanka a ciki kuwa an wanke masa zunubansa. Mabiya Buda, da na addinin Jain, da na Bon, tsohon addinin Tibet, kowa da nasa labari a kansa. Babbar ibadarsu ita ce kewaya dutsen, tafiyar mil 32, ta wani mashigi da ya haura ƙafa 18,000. 'Yan Hindu da na Buda su kan sa dutsen a hannun dama, 'yan Bon kuwa a hannun hagu. Sun gaskata kewaya ɗaya tana shafe zunubin rai guda. Waɗansu ba su tafiya a tsaye ma, sai su kwanta rubda ciki, su miƙa hannu su yi alama, su tashi su tsaya a kan alamar su sāke kwanciya, haka har su gama, mako biyu ko uku. In za su koma gida su kan ɗebi ruwan cikin gora su kai wa marasa lafiya da masu baƙin mutuwa. Girman wurin ya kai har a 1948 aka kai tokar gawar Gandhi aka watsa a ciki.

Kada mu yi wa waɗannan mutane dariya. Wanda ya auna mil 32 da tsawon jikinsa bisa duwatsu ya san zunubi yana da nauyi, ya fi da yawa daga cikinmu sani. Sundar bai raina su ba, gama shi ma a cikin wannan nema ya tashi, ya kuma san ƙishin da ya kai shi har gab da dogo. Ya kan zauna tare da maziyarta a bakin wutarsu, ya ci abin da su ke ci, sa'an nan ya gaya musu abin da ya same shi: ya nemi Allah da ƙoƙarin kansa bai samu ba, sai Allah ne ya neme shi. Wankan da su ke haurawa nema, an riga an sauko da shi ƙasa cikin jinin Yesu, kyauta ne kuwa.

Tsohon cikin kogo

A nan ne muka zo ga abin da ya jawo gardama. Sundar ya ba da labari cewa a 1912, yana ratsa duwatsun Kailas kusa da tafkin, hasken ƙanƙara ya kashe masa ido, ya zame ya gangara. Da ya farfaɗo sai ya ga kansa a bakin kogo, ga wani tsoho zaune, gashi ya rufe masa jiki. Tsohon ya ba shi wani ganye ya ci jikinsa ya yi ɗumi, ya yi addu'a cikin sunan Yesu, ya karanta masa bishara daga wani littafin fata na Helenanci. Ya ce an haife shi a Iskandariya ta Masar, shekarunsa sun wuce 300, aikinsa kuwa roƙo ne domin duniya. Aka riƙa kiransa Maharishi na Kailas. Ya kuma ba da labarin wani gari a Tibet inda lama ya sa aka jefa shi cikin busasshiyar rijiya mai cike da gawawwaki, aka kulle murfin, a dare na uku kuwa wani ya buɗe ya jawo shi da igiya, ya ɓace.

Labarun nan suka bazu kamar wutar daji. Waɗansu masana suka tashi suka ƙaryata shi, musamman Fada Hosten na Darjilin da wani fasto na Suwizalan mai suna Pfister, wanda ya buga littafi a kansa a 1926. Suka ce ba mai shaida ko ɗaya, har suka yi shakkar waɗansu tafiye-tafiyensa. Waɗansu kuwa suka tsaya masa, kamar Shehun malami Heiler na Jamus. Abokansa da suka zauna da shi, irin su C. F. Andrews da A. J. Appasamy, sun shaida shi ba maƙaryaci ba ne, amma mutum ne mai yawan ganin wahayi, mai azumi da kaɗaici, wanda wani lokaci abin da ya gani cikin ruhu da abin da ya gani da ido su kan haɗu a wurinsa.

Mun kawo wannan ne domin gaskiya ba ta tsoron haske. Bangaskiyarmu ba ta rataya ga tsohon cikin kogo ba. Sundar da kansa ya yi baƙin ciki da ya ga mutane sun fi son labarin Maharishi da na gicciye, daga baya ma ya kan ƙi maganar, yana tuna musu an kira shi ya yi shelar Kristi ne. Akwai abin da ba mai gardama a kansa: yaron da ya ƙone bishara ya zama mai ɗaukarta, ya bar gādo, ya sha guba, ya wanke gyambon kutare, ya yi shekara 24 cikin wannan hali bai juya ba.

Wahala da suna

A farkon 1913 ya shiga kurmi kusa da Rishikesh domin ya yi azumin kwana 40. Bai kai ba, ƙarfinsa ya ƙare, masu saran gora suka tsince shi suka ɗauko shi. A 1914 ya shiga Nepal, inda aka hana wa'azi, aka kama shi a garin Ilam. Ya faɗa cewa an sa shi a turu, aka zuba masa matsattsaku a jiki suna shan jininsa, shi kuwa yana waƙa, har suka ɗauka mahaukaci ne suka sake shi.

Daga 1918 sunansa ya cika Indiya. Dubban mutane suka taru su ji shi a kudancin ƙasar da tsibirin Silon, ya wuce Bama da Japan da Sin. Ana cikin haka sai Allah ya amsa roƙonsa na shekaru: ubansa Sher Singh ya ba da gaskiya, shi ne ma ya biya masa kuɗin jirgi zuwa Ingila a 1920. Daga can ya je Amurka da Ostareliya. A 1922 ya ziyarci Urushalima da Galili, ya zaga Suwizalan, Jamus, Suwidin da waɗansu ƙasashen Turai, cikin rigarsa da rawaninsa. Abin da ya gani bai burge shi ba. Ya kwatanta Kirista da yawa na can da dutsen da ya taɓa ɗauka cikin rafin Himalaya, ya daɗe cikin ruwa, bayansa jiƙe, amma da ya fasa shi cikinsa busasshe ne. Ya rubuta ƙananan littattafai da harshen Urdu, cike da misalai irin wannan, aka juya su cikin harsuna masu yawa.

Tafiya ta ƙarshe

Ubansa ya rasu a 1923. Daga nan jikin Sundar ya fara gazawa, ciwon zuciya ya kama shi, ido ɗaya ya mutu. Ya zauna a Sabathu kusa da kutare yana rubutu. A 1927 ya nufi Tibet, ya yi aman jini a hanya, aka komo da shi. Likitoci da abokai suka yi ta hana shi. Amma ran 18 ga Afrilu, 1929, ya bar wasiƙa ga abokansa, ya ɗauki bargonsa ya fita. Shekararsa 39. Ba a ƙara ganinsa ba. Da watanni suka wuce, abokansa 'yan mishan suka bi hanyar maziyarta har bakin iyaka suna cigiya, hukuma ma ta bincika, ba a sami gawa ba, ba a sami bargo ba. Kamar Musa, kabarinsa yana wurin Allah.

Littafi Mai Tsarki na harshen Tibet, wanda wani fasto ɗan ƙasar mai suna Yoseb Gergan ya ƙarasa juyawa, an buga shi a Lahor a 1948. Sin ta shiga Tibet a 1950, Dalai Lama ya gudu Indiya a 1959, aka rushe gidajen ibadar bakin tafkin, daga baya aka sāke gina waɗansu. Hanyar maziyarta daga Indiya ta daɗe a rufe, sai a 1981 aka buɗe ta. Ekklesiyar Ingila ta sa ran 19 ga Yuni domin tunawa da Sundar Singh.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwa, a shekarar da Sundar ya ɓace, 1929, aka gina majami'ar St. Bartholomew a Wusasa da tubalin ƙasa, ginin Hausa sosai. A 1932 kuma Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Waɗanda suka riga mu sun fara sassaƙa mana moɗar gida. Sai mu tambayi kanmu ko mun riƙe ta.

Sunan Sabon Gari da kansa yana nuna mazaunin baƙi ne, Samaru kuwa gari ne na 'yan boko daga ko'ina. Saboda haka maƙwabtanmu da yawa suna ganin bin Yesu abin baƙi ne, ba na ɗan ƙasa ba. Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Akwai a cikinmu wanda ya shekara 20 a Zariya bai iya gaisuwar kirki ba, bai taɓa zuwa ta'aziyya gidan maƙwabcinsa ba, in ya buɗe baki a kan addinin wani kuwa sai ba'a. Wa zai sha ruwa daga hannun wanda ya raina shi? Ba a ce mu hau ƙafa 15,000 ba. Ƙauyukan da ke bayan Shika da Giwa, da rugagen da mu ke wucewa a hanya, keke ma zai kai mu. In muka je, mu je da ladabi, mu zauna a tabarmarsu, mu ci tuwonsu, mu faɗi abin da Ubangiji ya yi mana ba ƙari ba ragi, gama shaida ba ta bukatar gishiri.

Sa'an nan mu tuna da Fasto Uppal da matarsa. Ba su je Tibet ba, ba su rubuta littafi ba, ƙofa kaɗai suka buɗe wa yaro korarre mai aman jini. Da sun ji tsoron danginsa sun rufe, da labarin nan ya ƙare a Rupar. In irin wannan yaro ya yi sallama a ƙofar ɗayanmu da daren nan, zai sami tabarma?

Cikin addu'o'inmu na wannan wata mu tuna da mutanen Tibet da dukan masu kewaya dutsen nan suna neman gafara. Mu roƙa domin waɗanda aka kora daga gida saboda bangaskiya, da iyayen da suka kore su, gama Sher Singh ma ya juyo. Mu kuma roƙi Ubangijin girbi ya tā da masu bishara daga cikin 'ya'yanmu, waɗanda za su kai ruwan rai cikin ƙwaryar ƙasarmu. Amin.